Kafin ka zuba kuɗinka a hedifon da amfilifaya, ga abin da muka ji a zaman Gusau

In ka ware kuɗi saboda sauti, to ka zuba kaso mai tsoka a kan hedifon ɗin kanshi, amfilifaya, wato na'urar da ke ba shi wuta, ta ci abin da ya rage. Na daɗe a kan wanga ra'ayi, kuma zaman da muka yi kwanan baya a Tudun Wada, a ɗakin ɗaukar murya na wani yayanmu, ya ƙara tabbatar mani da shi. Kowa ya zo da kayanshi a jaka, akwai wanda ya taso daga Ƙaura Namoda, akwai na Talata Mafara, har wani Alhaji daga Birnin Kebbi wanda shi ne ya zo da manyan kayan da yawancinmu sai a hoto muke gani.

Mai ɗakin bai bari an fara ba sai da ya kafa doka guda, ya ce ba mai gwada abu biyu sai an daidaita ƙararsu. Dalilinshi kuwa gaskiya ne, kunnen mutum in aka ƙara mishi ƙara ko da 'yar kaɗan ce sai ya ji kamar bes ya ƙara cika, murya ta ƙara fitowa, ya rantse wanga ya fi wancan alhali murɗa maɓalli kawai aka yi. Da mitar masu gyaran rediyo ya riƙa aunawa. In ka je shago gwaji ka riƙe wannan, kuma ka tafi da abin da kunnenka ya haddace. Mu kiɗan kotso da taushi na makaɗan fada muka sa, da gurmi, da kalangu, da karatun Alƙur'ani, sai waƙoƙin situdiyo na yanzu masu nauyin bes.

Kafin ma a zo maganar kamfani, ka yanke shawara tsakanin mai buɗaɗɗen baya da mai rufaffen baya. Buɗaɗɗen raga ce a bayanshi, iska na shiga tana fita, shi ya sa sautin ke da sarari kuma kunne ba ya dahuwa, wanda ba ƙaramin abu ba ne a watan Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a nan. Amma duk abin da ke faruwa a gidan kana jinshi, janaretan maƙwabci, fanka, yara a tsakar gida, kuma wanda ke zaune kusa da kai shi ma yana jin abin da kake ji. In ba ka da ɗakin da za ka ja ƙofa ka samu shiru ko da bayan Isha'i ne, kar ka sayi buɗaɗɗe komai yabon da ka karanta a kanshi.

Wanda na fi daɗewa da shi a kai ranar shi ne Sennheiser HD 600. Tsohon hannu ne, kamfanin Jamus ya fito da shi tun 1997 kuma har yanzu ana ƙera shi, om 300 (om shi ne ma'aunin yadda hedifon ke turje wa wutar da ke shigarshi), nauyinshi wajen giram 260. Murya ce sana'arshi. Da aka sa karatu, wallahi har jan numfashin mai karatun kana ji, gunna da maddi suna fita tas ba tare da wani kaifi ya soki kunne ba, haka muryar makaɗi in ya ɗauko baiti 'yan amshi suka karɓa, kowa na wurinshi. Inda ya gaza shi ne can ƙasan bes, irin dukan da ke girgiza ƙirji a waƙoƙin yanzu, yana nan amma ba ya nutsawa. Yana kuma matse kai in sabo ne, sai a hankali yake saki. Ɗan'uwanshi HD 650 na 2003 shi ma om 300 ne, ya fi shi ɗumi da laushi kaɗan, wasu a ɗakin sun fi son shi saboda ba ya gajiyar da kunne, ni dai 600 ɗin ya fi mani gaskiya. Abin da ya ƙara sa nake tura mutane gare su shi ne kusan komai na jikinsu ana cirewa a sa sabo, igiya, soson kunne, soson saman kai, duka da hannunka ba sai an kai wa mai gyara ba, mu da kaya ke yi wa nisa wannan babbar riba ce.

Sai masu filana. Su maimakon 'yar sifika mai naɗin waya, wata siririyar fata ce shimfiɗe da aka zana wa layin waya, tana motsi a gaban jerin maganaɗisu. HiFiMan Sundara na China shi ne ƙofar shiga wagga harka ga mafi yawan mutane. Da aka sa kalangu nan na ji bambancin, duka na zuwa da sauri ya tsaya cak, bes ya sauka ƙasa fiye da na HD 600 kuma bai cakuɗe da sauran kayan ba. Murya kuma ta ɗan ja baya, ba ta matso ka kamar a Sennheiser. Om ɗinshi bai kai 40 ba, wanda ke sa wasu su ɗauka waya za ta iya da shi, to ba haka ba ne, yana shan wuta kafin ya buɗe. Damuwata da filana gaba ɗayansu ita ce in fatar nan ta samu matsala ba mai gyara maka ita a Gusau ko Birnin Kebbi, ga ƙurar hunturu, dole ka riƙa maida shi akwati duk ka gama.

Audeze LCD-X da Alhajin Kebbi ya kawo, na Amurka ne, filana ne shi ma, om 20, kuma bes ɗinshi ya fi na kowa a teburin cika da nauyi, masu haɗa kiɗa a cikinmu sun kasa sauke shi. Amma ya haura giram 600, ga soson fata mai kauri, kafin waƙa uku ta ƙare wuya ya fara sanar da kai kuma zufa ta fara taruwa. Kuɗinshi ya wuce dala 1,000. In kana da ɗaki mai sanyi kuma aikinka haɗa sauti ne, ya cancanta. Mai son ya kishingiɗa ya yi awa biyu yana saurare, a'a.

Sennheiser HD 800 S ne ya sa ɗakin ya yi tsit. Ban taɓa jin faɗi irin nashi a hedifon ba, kamar ka zauna a ƙofar fada ranar hawan sallah, makaɗa can gefen dama, masu amshi a baya, maroƙi na ratsowa daga hagu, kowa da tazararshi. Ba shi da nauyi, kofunan kunnen manya ne ba su taɓa kunne. To amma fa ba ya rufa wa kowa asiri. Yawancin tsofaffin waƙoƙinmu daga kaset aka kwafo su, aka matse su a mp3, aka yi ta tura su daga memori zuwa memori a kasuwa, kuma wanga hedifon duk shuuu ɗin kaset da tsagewar murya zai ajiye maka su a gaba, har ka ji waƙar da kake so ta fita ranka. HD 650 ya fi yi wa irin waɗannan sassauci nesa ba kusa ba. Shi ma 800 S ya yi gaba da dala 1,000 sosai, don haka ban ga dalilin da zai sa ya zama sayen farko na kowa ba, sai wanda ya riga ya tara fayil masu kyau irin FLAC, waɗanda ba a rage musu inganci kamar mp3 ba, kuma ya san abin da yake nema.

Duk waɗanda na ambata zuwa nan buɗaɗɗu ne. Ɓangaren rufaffu ba mu daɗe ba don yawancinmu mun san su. Beyerdynamic DT 770 Pro ana yin shi om 32 da 80 da 250, ni na 80 nake cewa a ɗauka, soson shi na ƙyalle ne mai laushi, yana tare hayaniya daidai gwargwado, yana da bes, sai dai saman sautin na da kaifi, harafin "s" na iya sukar wasu, kuma igiyarshi ba a cire ta. Audio-Technica ATH-M50x om 38 ne, yana naɗewa ya shiga jaka, waya ma tana iya da shi, amma soson roba ne kuma duk soson roba zafinmu da zufa suna sa shi ya fara saɓulewa da wuri. Sony MDR-7506 da ke kasuwa tun 1991 na masu aiki ne, 'yan rediyo da masu ɗaukar wa'azi, yana nuna maka kuskuren ɗauka, ba na jin daɗi ba ne sosai.

Yanzu amfilifaya, inda nake ganin ana ɓarnar kuɗi. Aikinta ta ba hedifon isasshiyar wuta ba tare da ta ƙara datti ba. Mai om da yawa irin 300 yana son bolt mai yawa, filana mai om kaɗan yana son kwararar wuta mai yawa, shi ke nan. Akwai kuma dak, wanda ke juya lambobin fayil su koma sauti, sau da yawa a akwati guda suke zuwa da amfilifayar kamar FiiO K7 ko Topping DX3 Pro+. A teburin akwai JDS Labs Atom da Schiit Magni, dukkansu 'yan dala 100 da 'yan kai ne, akwai kuma wata babba ta Alhaji da ta ninka su kuɗi sau da yawa. Mai ɗakin ya daidaita ƙara, ya sa muka juya baya yana canza igiya a kan HD 600, kuma na ga mutanen da suka shigo da tabbacin za su gane babbar suna ta canki-canka. Alhaji da kanshi ya ce "Malam, ni dai a HD 800 S ina jin ta fi natsuwa," kuma ban musa mishi ba, kunnenshi ne, kuɗinshi ne. Amma tazarar da ke tsakanin amfilifaya biyu masu lafiya ba ta kai ko kusa da tazarar da ke tsakanin Sundara da HD 600 ba, wadda ko yaro aka sa wa zai faɗa.

'Yar igiyar USB-C ta Apple mai dala 9 ma dak ce da amfilifaya a ciki, kuma tana da tsabta, ta ishi M50x da makamantanshi. Sai dai iri biyu ce, ta kasuwar Amurka tana ba da bolt 1, ta Turai rabin haka, kuma a wayoyin Android da yawa ba ta buɗe ƙararta duka. Ga mai om 300 tana yin sauti amma in waƙar a hankali aka ɗauke ta za ka ƙure maɓalli.

Amfilifaya mai ƙwan gilashi, irin na rediyon da, ita ce kaɗai na ji ta canza sauti a fili. Bottlehead Crack ce, wadda ake sayarwa a warwatse mutum ya haɗa da kanshi da dalma, wani ƙanenmu mai gyaran lantarki ya haɗa tashi. A kan HD 650 ta ƙara kauri da wani zaƙi da ke sa ka ƙi tashi. Amma irinta om ɗin bakin fitarta na da yawa, ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce kar ya wuce kashi 1 cikin 8 na om ɗin hedifon in ana son sauti yadda yake, shi ya sa ba a haɗa ta da filana mai om 20, ba ta da ƙarfin tura shi. Ga zafin da take fitarwa a ɗakin da dama yana tafasa, ga ƙwan da za ka nema daga waje in ya mutu. Abin sha'awa ce ta biyu, bayan ka mallaki ta yau da kullum.

Maganar wuta ita ce wadda masu sharhin Turai da Amurka ba za su gaya maka ba don ba matsalarsu ba ce. Mu bolt 230 muke amfani da shi, Amurka 120. Atom da Magni da tiransifoma suke zuwa wanda aka yi wa wuta iri guda, in ɗan'uwanka ya sayo maka a can bai zaɓi na 230 ba ka zo ka soka a soket, ƙonewa zai yi. Ka duba jikin adafta, in an rubuta 100-240V ka huta. Ƙaramin janareta da inbata mai araha kuma suna iya sa ka riƙa jin wani zzzz a ƙarƙashin waƙa, don haka in kana kan sola ka tabbatar inbatarka mai tsabtatacciyar wuta ce, ka sa sitabilaiza, in hadari ya taso da tsawa a damina ka zare komai daga bango. Wanda wutar unguwarsu ba ta zama, gara ya nemi mai batir irin Qudelix 5K, 'yar ƙarama ce kamar kwalin ashana, tana karɓar bulutut da USB, ka caja ta da fawa-banki, kuma tana bari ka gyara bes da kaifi yadda kunnenka ke so, wanda zai iya cike maka gibin bes ɗin HD 600 ba ka sayi wani hedifon ba.

Dan Allah a kula da ƙara. Sauti mai tsabta ba ya damun kunne shi ya sa mutum ke ta ƙarawa bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babban mutum a desibel 80 (ma'aunin ƙarar sauti) na awa 40 a sati, kuma in ka haura haka lokacin raguwa yake da sauri. In ka cire hedifon ka ji kunne na ƙugi, ka wuce gona da iri, kuma jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa.

To wa zai ɗauki me? Mai ɗaki shiru da ke son murya, karatu, waƙoƙin gargajiya, HD 600 ko 650 da 'yar amfilifaya ta dala 100 da wani abu, ya rufe littafin saye na shekaru. Mai son duka da bes na zamani, Sundara da K7. Mai gida cike da jama'a ko shago bakin titi, DT 770 na om 80.

Wajen saye kuma a yi hattara, M50x da MDR-7506 jabunsu sun cika kasuwa har kwali iri ɗaya, in ka ga farashi ya faɗi ƙasa da rabin na ainihi ka ajiye. Ban sa farashin naira ba don dala ba ta kwana inda ta wuni. In na hannu za ka saya daga Legas ko Kano a turo maka a mota, ka sa mai shi ya yi maka bidiyo, kuma ku yi yarjejeniyar maidawa kafin ka tura kuɗi. Yana isowa ka sa muryar mutum ɗaya ka rufe ido, ta tsaya a tsakiyar kanka, in ta karkata gefe guda to kunne ɗaya ya raunana. Ka sa bes mai nauyi a hankali ka saurari karkarwa. Ka danna soson da yatsa, in ya kwanta bai taso ba ka rage kuɗin sabo a cikin cinikin, don soson da ya mutu yana canza sautin HD 600 sosai, kuma tun da jigila ce ke cin kuɗi, ka yi odar soso biyu da igiya guda tare da hedifon ɗin a kaya ɗaya.