Caca a wasannin share fage ko Fantasy? Ga abin da zan ce

Ɗan'uwa, tsakanin zuba kuɗi a wasannin sada zumunta na kafin a fara kaka da haɗa tawaga a Fantasy Premier League (wasan intanet da ake tara maki bisa ƙwazon 'yan ƙwallon Firimiya), ka ɗauki Fantasy, kada ma ka tsaya dogon tunani.

A wasan share fage koci auna yaransa yake yi: wa ya dawo hutu da nauyin jiki, wane matashi zai iya shiga cikin manya, sabon da aka saya ina zai zauna. Ana dawowa hutun rabin lokaci sai ka ga an sauya kusan kowa. A Yulin 2022 a Bangkok, Man United ta lallasa Liverpool 4-0 a wasan farko na sabon kocinta Erik ten Hag, kocin Liverpool Klopp kuwa bini-bini sai ya kwashe mutane ya zuba sabbi. Da aka shiga lig a Agusta, Brighton ta bi United har Old Trafford ta ci 2-1, Brentford kuma ta zura mata huɗu tun kafin a tafi hutu. To, ta ina za ka yi lissafi a kan wasan da masu buga shi ma ba su damu da sakamakonsa ba? Na taɓa gwada cacar, abin da kawai zan ce shi ne kamfanin ya cire ribarsa tun a cikin farashin da ya ba ka.

Fantasy kuwa shiga kyauta ce. Za a ba ka fam miliyan 100 na wasa ka zaɓi 'yan ƙwallo 15, makin kyaftin ɗinka ninki biyu ne, a yi ta fafatawa har mako 38. A nan ne kallon wasannin share fage yake da amfani na gaske. A wancan Yulin na 2022 dai na hana idona barci na kalli Man City da Bayern Munich a Amurka, Haaland, sabon ɗan wasan City, ya ci ƙwallo ɗaya tilo ta wasan. Abin da ya ja hankalina yadda yake faɗawa gaban raga tun kafin a bugo masa. Na sa shi a kan fam miliyan 11.5. Da ya zubar da ƙwallo gab da raga a Community Shield, wasan buɗe kaka a Ingila, abokaina na rukuninmu suka yi ta tsokanata, na ƙi cire shi. A wasansa na farko a lig ya ci West Ham biyu, ya ƙare kakar da ƙwallo 36 a lig. Har yau idan mun haɗu sai an tayar da zancen, kuma babu wanda ya yi asarar ko sisi.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu tallar "wasan da aka riga aka shirya" a Telegram da WhatsApp, lokacin share fage suka fi yawa. Raba mutane suke yi: rabi a ce musu gida za ta ci, rabi a ce baƙi. Waɗanda abin ya faɗa musu daidai sai a nemi kuɗi mai tsoka a zagaye na biyu. Hotunan tikitin da suke nunawa gyara su ake yi.

Ka buɗe Fantasy yau, ka kalli wasannin ka lura da wanda koci yake yawan farawa da shi da mai buga fenareti, sannan ka kammala tawagarka kafin a rufe makon farko.