Wurin wasan yaran da munka je ran Lahadi a Yamai

Salamu alaikum iyaye. Masu tambaya ina za a kai yara cikin bakans (hutun makaranta) ɗin nan in ba Mize (gidan tarihi da namun daji) ba, ga abin da na gani. Ni ma da Mize Bubu Hama kaɗai na sani, a je a ga zaki da dorina da ƙasusuwan dinozor a dawo, amma ranar sallah cunkoson wurin nan sai ka riƙe hannun yaro kamar za a ƙwace ma shi. To ran Lahadi bayan la'asar munka gwada wani restoran mai filin wasa ta wajen Kwara Kano, ni da maigida da yara 2, babba shekara 8 ƙaramar 4.

Shiga dala ɗari kowane yaro, wato sefa 500, manya ba su biya sai abin da sunka ci. Abin da ya hi burge ni ba lilo ba ne ba tobogan (abin sulɓi) ba, tsarin wurin ne. An kewaye shi da waya, ƙofa guda ce tal, gardi na zaune bakinta da tikiti mai lamba, rabi wurinka rabi a ɗaure hannun yaro, ba lamba ba fita. Teburan kuma an jera su yadda daga kujerarka kana hangen komi.

Amma ni duk da haka na kasa zama wallahi. Ƙaramar ta nufi tsanin tobogan ina bayanta, kar ki hau, riƙe nan, sauko za ki faɗi, har yarinyar da ke kula da su ta matso ta ce Tanti don Allah je ki sha bisap ɗinki, in kina tsaye kanta ba za ta taɓa hawa ba. Na ji haushi kaɗan, amma na koma. Ko minti 10 ba a yi ba sai ga ta can sama tana ɗago min hannu, ta zamo ta faɗi kan yashi, ta waiga ta ga ko ina kallo, na yi kamar ina duba waya, ta kakkaɓe riga ta sake hawa. Da na ruga da kukan sai an ji shi gadar Kennedy.

Sai na tuno garin Tawa. Mu fa bayan isha'i muke fita dandali in akwai farin wata, gaɗa da ɓoyo, maza na langa, ba uwar da ke bin mu, sai dai duk tsohuwar da ke zaune ƙofar gida idonta na kanmu kuma tana da ikon tsawata ma kowa, ɗa na kowa ne. A Yamai ina za ki saki yaro, ga kabu-kabu ga motoci, maƙwabcinki ma ba ki san sunanshi ba, shi ya sa yanzu muke biyan kuɗi a ba mu dandali mai katanga.

Inda ban ji daɗi ba shi ne wurin tsallen nan, tarampolin. Ana haɗa ƴan shekara 12 da ƴan 3 lokaci guda, babba ya dira ƙaramin ya tashi sama kamar buhun auduga, ma'aikaciya kuma guda ce ga yara sun fi 20. Nan kam ban bari ba, na tashi na tsaya har manyan sunka sauka. A raba su layi-layi mana, me zai ci musu. Tobogan ɗin kuma na ƙarfe ne, yanzu da damina da sauƙi, amma cikin zafin Afrilu da rana ke wuce digiri 40 ai sai ya gasa yaro.

Abinci ba yabo ba fallasa. Tsiren ya yi, firit ya sha mai, bisap sukari ya yi yawa. Banɗaki da tsabta amma ba sabulu.

Za mu koma in sha Allah. Ku je wajen ƙarfe 5, ku taho da man sauro don ana kiran magariba suke sauka kamar an aiko su, kuma yara su sa wando mai tsawo saboda gwiwa.