Cin kifin teku a Abuja: inda ya dace ka kai kuɗinka, da abin da ya kamata ka bari sai ka je bakin ruwa

Ƙanen matata ya yi bautar ƙasa a Kalaba, ya dawo bakinsa ya saba da jatan lande da ƙaguwa. Ranar da ya sauka gidanmu daga Jos, ko ruwan wanka bai nema ba ya ce, "Yaya, don Allah yau ka kai ni inda ake cin abincin teku." Na yi shiru ina lissafi, domin na san abin da yake nema ba shi ne abin da za a ajiye masa a faranti ba in ban zaɓi wuri da hankali ba. Abuja ba ta da teku. Daga nan zuwa Legas ta mota ya haura kilomita 700, kuma gaɓar tekun Najeriya duka, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 853, tana can Kudu, daga Legas ta ratsa Delta da Bayelsa da Ribas da Akwa Ibom har Kuros Riba. Duk abin da aka kira na teku a garin nan ya yi tafiya kafin ya iso, ko dai cikin ƙanƙara a jirgin sama, ko a daskare cikin mota mai sanyi. Wanda ya riƙe wannan a ransa ya riga ya yi rabin zaɓi.

Zan fara da wurin da kowa ya fi ambata, wato kasuwar barikin Mogadishu da ke Asokoro a kan hanyar Keffi, wadda har yau mutane ke kira barikin Abacha. Da yamma ta yi, mata masu gashi suna jera kifi a kan raga bisa garwashin gawayi, an tsattsaga jikinsa da wuƙa, an cusa masa yaji da attaruhu da albasa. Kai ne za ka zagaya ka duba, ka nuna wanda kake so, a yi ciniki kafin ya hau wuta. Wannan shi ne babban alherin wurin: kana ganin kifinka ɗanye da idonka. Yawanci kuroka ne da karfasa da tarwaɗa, a haɗa maka da soyayyen dankalin turawa ko agada ko doya. Babban kifi ɗaya yana isar mutum biyu, har uku in ba masu ci sosai ba ne. Sai dai ka san wuri ne na hayaƙi da kiɗa da cunkoso, kuma ana sayar da giya a rumfuna da yawa. Mai iyali ko wanda zuciyarsa ba ta natsu da zama a irin wannan wuri ba, ya je da wuri kafin magariba, ya sa a naɗe masa ya kai gida. Ni haka nake yi. Kuma tunda bariki ne, ka tafi da katin shaidarka, ka yi haƙuri da binciken bakin ƙofa.

A nan akwai abin da nake so mai karatu ya kula da shi sosai, wato bambancin kuroka da karfasa. Kuroka kifin teku ne, namansa fari ne mai kauri, ƙayarsa ba ta da yawa, shi ya sa yake da tsada kuma yara suke iya cinsa ba fargaba. Amma wanda ke iso mana nan kusan duk daskararre ne. Daskarewa ita kanta ba aibi ba ce; kifin da aka daskarar da shi tun a jirgin ruwa kuma bai narke a hanya ba yana da kyau ƙwarai. Matsalar tana wajen wuta. In aka ɗauke wuta, janareto bai tashi ba, kifi ya narke a firiza sannan ya sake daskarewa, sai namansa ya zama kamar soso, ya riƙa wargajewa a kan raga, yaji kuma ya rufe warin. Karfasa kuwa ta ruwan daɗi ce, tana zuwa daga madatsun ruwa da gonakin kifi, tafiyarta gajeruwa ce. Ƙayarta ta fi yawa, amma sau da dama ita ce sabuwa a kan tebur. In na tsaya gaban mai gashi, sai na ɗaga murfin kunnen kifin. In cikinsa ja ne jawur, idonsa garau bai lotsa ba, na danna jikinsa da yatsa naman ya dawo daidai, to na saya. In kunnen ya yi launin ƙasa-ƙasa, yatsa ya bar rami, komai sauƙin kuɗin sai na wuce. Mai sana'ar kirki ba ta jin haushin wannan dubawa, ita da kanta za ta juya maka shi.

Zaɓi na biyu shi ne gidajen farfesun tarwaɗa, waɗanda ke kusan kowace unguwa, daga Garki da Wuse har Kubwa da Nyanya. Ana ajiye tarwaɗa da ranta a cikin baho ko tanki, ka nuna wadda kake so a kama a yanka a gabanka. Ba na teku ba ce, kuma ba zan ce ta maye gurbin jatan lande ba, amma in maganar sabunta ake yi, babu abin da ya kama ƙafarta a Abuja, tunda minti arba'in da suka wuce tana iyo. Kada girma ya ruɗe ka. Ƙatuwar tarwaɗar gona takan yi kitse da yawa, farfesun ya yi maiƙo ya gundure ka tun ba ka kai rabi ba. Matsakaiciya, wadda ba ta wuce kilo ɗaya da ɗan wani abu ba, ta fi daɗi. Ka dubi ruwan da take ciki ma: in ya yi baƙi yana wari, ɗanɗanon taɓo zai biyo ta har cikin kwano. Sannan ka tsaya a auna a gabanka in da sikeli ake sayarwa, a faɗa maka kuɗin duka har da na dafawa.

Sai manyan gidajen abinci na Wuse 2 da Maitama da cikin otal-otal, inda za ka ga faranti ɗaya an tara manyan jatan lande da ƙaguwa da sauran halittun teku. A nan ne kuɗi ke tafiya da gudu, kuma a nan ne na taɓa cin karo da abin da ya ɓata mini rai. Na kai baƙi wani gida da ba zan ambaci sunansa ba, aka kawo jatan lande an lulluɓe shi da man shanu da tafarnuwa. Da na ɓare ɗaya, kansa ya yi baƙi, naman ya yi laushi kamar dafaffen dankali, ga wani wari mai hawa kai yana tasowa ta ƙarƙashin tafarnuwar. Na kira mai hidima na ce, "Malam, wannan yaushe ya iso?" Ya ce bai sani ba. Muka mayar, amma daren ya riga ya lalace. Tun daga ranar ba na yin odar irin wannan sai na tambayi ranar da kaya ke iso musu. Gidan da ya san aikinsa zai amsa maka kai tsaye, ya ce ranar kaza ake kawo mana daga Legas ko Fatakwal. Jatan lande mai kyau namansa yana da ɗan tauri a haƙori, yana da zaƙi-zaƙi, ba ya buƙatar a binne shi a miya.

Akwai gidajen kirki a cikinsu, kuma suna ba da abin da bariki ba zai ba ka ba: natsuwa, tsabta, wurin da za ka zauna da surukai ko abokan kasuwanci ku ji maganar juna. Amma ka karanta takardar farashi har ƙasa. Harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari ne tun shekarar 2020, kuma wurare da yawa suna ɗora kuɗin hidima a kansa, don haka abin da ka gani kusa da sunan abinci ba shi ne za ka biya ba. Inda aka rubuta cewa farashi ya danganta da kasuwa ko da nauyi, ka sa a faɗi adadi kafin a kunna wuta.

Batun halasci yana damun mutanenmu da yawa, musamman a kan ƙaguwa da jatan lande, waɗanda ba mu taso da su a Arewa ba. A mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi, dabbobin ruwa halal ne, kuma hadisin da ke cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne, yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Hanafiyya ne suka taƙaita a kan kifi. Abin da ya fi cancantar tambaya shi ne yadda aka dafa. Girkin Turawa na abincin teku sau da yawa ana zuba masa farar giya a miya, wani kwaɓin fulawar suya ma da giya ake yinsa. Ka tambaya a fili, ba abin kunya ba ne, ka kuma tambayi ko man suyar ɗaya ne da na naman alade in gidan yana sayar da shi. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba ya fara da kaɗan, domin akwai jikin da ba ya karɓarsu. Ƙaiƙayi da kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi alama ce ta a nufi asibiti nan take.

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce kasuwar kifi ta Kado, kusa da Life Camp. Can ne masu ɗakunan sanyi ke sayar da taitus da kote da shawa da fanla, kwali-kwali ko a kilo, kuma ana samun kuroka da jatan lande da tarwaɗa mai rai. Ka je da safe, a yanka a wanke maka, ka kai gida uwargida ta gasa da yajin da ta yarda da shi. In ka ga ƙanƙara ta taru da jini-jini a cikin leda, kayan sun narke sun sake daskarewa. Taitus musamman ba ya yafe zafi: in ya daɗe ba sanyi yana tara wani sinadari mai sa fuska ta yi ja da ciwon kai, kuma dafuwa ba ta kashe shi.

Wanda aiki ko ziyara ke kai shi Kudu, shawarata ya ajiye kwaɗayinsa na ƙaguwa da jatan lande sai can. A Legas akwai kasuwar kifi ta Epe a bakin ruwa, inda masunta ke sauke kaya daga kwalekwale, ga kuma gidajen abinci na Victoria Island da Lekki, sai dai jihar tana da nata harajin kashi 5 cikin ɗari a kan abincin otal da gidajen abinci bayan VAT. A Fatakwal ka nemi gasasshiyar agada da kifi da suke kira bole, a bakin titi ake cinta da miyar manja mai yaji, sannan miyar masunta wadda ake cika ta da sabon kifi da ƙaguwa da jatan lande. A Kalaba da Uyo kuwa miyar ganye ce, edikang ikong da afang, da ƙananan katantanwar ruwa da ake tsotse namansu daga ɓawo. Abin da za ka biya kuɗi mai yawa a Maitama ka same shi ya kwana a hanya, can abincin yau da kullum ne.

Shi ƙanen matata na faɗa masa gaskiya, cewa jatan landen Kalaba ba zai same shi a nan yadda ya san shi ba. Muka je bariki bayan la'asar, na ɗaga kunnen kuroka biyu na ajiye, na uku ya yi ja yadda nake so, muka ƙara da karfasa ɗaya. Aka naɗe mana da agada da yaji a gefe, muka iso gida kifin yana tururi ana kiran sallar magariba.