Tsohuwar laftof ta maƙale a 1024x768: a lallaɓa direban Windows ko a koma Linux?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce laftof ɗinka mai furosesar Intel Core i5 ce zubi na biyu, allonta inci 15.6, kuma tun da aka sake ɗora mata Windows 10 komai ya yi faɗi kamar an ja shi ta gefe, rezolushan, wato yawan ɗigon da ke haɗa hoton allo, ya ƙi wuce 1024x768, maɓallin rage haske ma ya daina ji. Wani ya ce ka nemo direba, wato manhajar da ke sa Windows ta iya sarrafa katin hoto (sashen da ke zana abin da ake gani a allo), wani ya ce ka rabu da Windows ka sa Linux Mint, kai kuma kana son sanin wanne ya fi.

Bari mu fara gano ciwon. Yawancin laftof masu wannan girman na wancan zamanin ɗigon allonsu 1366x768 ne. Idan aka shimfiɗa ɗigo 1024 a wurin da aka yi wa 1366, dole da'ira ta koma kamar ƙwai. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta devmgmt.msc, ka buɗe Display adapters. In ka ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter, to da alama allonka lafiyarsa ƙalau, direba ne babu. Wancan na wucin gadi ne, aikinsa kawai ka ga hoto. Furosesa ce ke ɗaukar nauyin zana komai, shi ya sa bidiyo ke sarƙewa fanka kuma ta yi ta ihu. Daga nan shiga Properties, sai Details, ka zaɓi Hardware Ids. Lambar da ke nan ke nuna kamfanin da ya ƙera katin hotonka: VEN_8086 na Intel ne, VEN_10DE na NVIDIA, VEN_1002 na AMD. Riƙe wannan, domin shi zai raba gardamar.

A ɓangaren Windows, ga inda gizo ke saƙar. Irin furosesarka ta fito a 2011, kuma Core i5 na laftof a wannan zubin katin hoton Intel HD Graphics 3000 ke cikinsu. Intel ba ta fitar masa da direban Windows 10 ba, ta tsaya a kan Windows 7, 8 da 8.1. Duk da haka sau da yawa Windows Update kan kawo wanda ke aiki, don haka haɗa intanet ka bar ta ta gama sabuntawa, ka leƙa Optional updates kafin ka wahalar da kanka. In babu, je shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, ka sa ainihin lambar samfurinta, ka sauke direban Windows 8.1 ko 7, ka lura ya dace da 64-bit ko 32-bit ɗin da kake kai. Na fi son na kamfanin laftof a kan na Intel kai tsaye saboda shi aka daidaita da maɓallan haske, kuma in na'urar tana da katin hoto biyu, shi ya san yadda ake sauyawa tsakaninsu.

Mai yiwuwa fayil ɗin girkawar ya ce bai san wannan Windows ɗin ba. Kada ka karaya. Warware fayil ɗin a cikin folda, ka koma Device Manager, Update driver, Browse my computer, Let me pick, sai Have Disk, ka nuna masa fayil mai ƙarewa da .inf a cikin foldar Graphics. Allo zai yi baƙi na ɗan lokaci, ka sake kunna kwamfutar, yawanci sai ka ga 1366x768 ya bayyana, haske da HDMI sun dawo.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Direban ya tsaya a DirectX 10.1 da OpenGL 3.1, wato hanyoyin da manhajoji ke bi su yi amfani da katin hoto, kuma a Windows 10 akwai manhajojin da ba sa ganin komai sai OpenGL 1.1, su ƙi buɗewa. Wata sabuntawar tana iya sauya maka direban a koma gidan jiya, sai ka nemi Roll Back Driver. Sannan Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga furosesar Intel zubi na takwas take farawa. Su kuma manhajojin nan masu alƙawarin sabunta maka duk direbobi da dannawa ɗaya, ni dai ban yarda da su ba ko kaɗan. Talla suke cika maka na'ura da ita.

A ɓangaren Linux labarin gajere ne, kuma gajartarsa ce ƙarfinsa. Direban Intel, mai suna i915, yana cikin tsarin tun asali, babu abin saukewa. Da ta tashi za ta karanta girman allon da kanta, kuma wannan katin dai yana kaiwa OpenGL 3.3 a can, ya ɗara abin da Windows ta ba shi. Abin da ya fi burge ni shi ne ba sai ka goge komai ba kafin ka gani: ɗora Linux Mint a filashi, ka tayar da kwamfutar daga filashin, ka duba da idonka. Ka dai guji zaɓin compatibility mode, domin yana kashe direban ne ya mayar da kai kan hoto mai faɗin nan, sai ka ɗauka Linux ɗin ma ta gaza.

Rauninta biyu. In Hardware Ids ya nuna tsohon katin NVIDIA, kamfanin ya daina kula da direbobi jerin 340 a ƙarshen 2019, jerin 390 a ƙarshen 2022, sai ka dogara da nouveau, direban Linux na kyauta na katin NVIDIA, wanda ke nuna hoto daidai amma ba shi da ƙarfi a aiki mai nauyi. Na biyun ya fi wannan girma: CorelDRAW, Photoshop da Microsoft Office ba a yi su don Linux ba. LibreOffice na buɗe takardun Word, sai dai wani lokaci tsarin shafi kan goce. Wanda abincinsa ke cikin waɗannan manhajojin, hoto mai kyau ba zai biya masa buƙata ba.

Akwai kuma abin da duk biyun ba sa warkarwa. In kana ganin layuka tun a tambarin kamfani kafin Windows ta tashi, ko hoto na rawa idan ka motsa murfin, wannan ba direba ba ne. Siririyar wayar da ta ratsa ta maɗaurin murfin ce, ko allon kansa. Haɗa ta da wani allo ta VGA ko HDMI: in can hoton ya fito tas, katin lafiya yake.

Da ni ne, filashin zan fara gwadawa, ko da ban yi niyyar barin Windows ba, domin in 1366x768 ya fito a can na tabbatar na'urar ba ta da laifi. Daga nan, in aikinka na buƙatar manhajar Windows, bi hanyar Have Disk, ka ajiye kwafin direban a wuri na daban don gaba. In kuwa lilo a intanet, rubutu da kallon bidiyo ne kawai, kuma katin na Intel ne, sa nau'in Linux Mint da ake kira Xfce ka huta, tunda ba ta da nauyi kuma har yanzu ana sabunta ta. Turo mana layin farko na Hardware Ids ɗin nan, da yawan RAM ɗinka, sai in gaya maka ainihin direban da za ka nema.