Manhajar White Risk: Amfaninta da Iyakarta ga Masu Zamiya a Tsaunuka

Manhajar White Risk ta fito ne daga cibiyar SLF da ke Davos a ƙasar Suwizalan, wadda aikinta shi ne binciken dusar ƙanƙara da zaftarewarta. Ga mai wasan zamiya kan dusar ƙanƙara a tsaunukan da ba a gyara musu hanya ba, babban amfaninta shi ne rahoton haɗarin zaftarewa da take kawowa a lokacin hunturu bisa ma'aunin Turai mai matakai 5, tare da bayanin tsayi da fuskar tsaunin da matsalar ta fi ƙamari.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne taswirarta, domin tana rina gangaren da ya kai digiri 30 ko fiye da launuka, kuma daga wannan karkata ne falalen dusar ƙanƙara yakan ɓalle. Mataki na 3 na ma'aunin haɗarin kuwa yana yaudarar mutane saboda yana tsakiya, alhali kuwa kusan rabin mace-macen zaftarewa a ƙasar a wannan matakin suke aukuwa.

Sai dai rahoton na yanki ne baki ɗaya, ba ya tantance gangare guda. Dole mutum ya haƙa rami a dusar ƙanƙarar da shebur, ya yanke ginshiƙinta mai santimita 30 kowane gefe, ya bubbuga shi sau 10 daga wuyan hannu, 10 daga gwiwar hannu, 10 daga kafaɗa, ya ga ko akwai shimfiɗa mai rauni da za ta tsage. Haka nan sanyi yana saurin cinye batirin waya, don haka taswirar takarda tana da muhimmanci a jaka.