Shirin Jarrabawar JAMB a Sakkwato: Littafi, Manhajar Waya ko Lesin?

Da zarar hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'o'i da sauran manyan makarantu, ta fara sayar da fom, iyaye a Sakkwato sukan shiga lissafin abin da za su kashe wa yaro bayan kuɗin rajista, kuma sau da yawa kuɗin kan tafi inda ba nan ciwon yake ba. Kafin a sayi komai, ya kamata a san yadda jarrabawar take. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga cikin darussa uku da suka dace da kwas ɗin da ɗalibi ya nema, makin duka kuwa 400 ne. Idan aka raba lokacin, kowace tambaya sakan 40 take samu, kuma tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta gaba ɗaya. Ke nan ana bukatar sani, ana kuma bukatar saurin hannu, kuma da wuya hanya guda ta ba da duka biyun.

Littafin tsofaffin tambayoyi shi ne mafi araha, kuma a ganina shi ya kamata a fara saye. Ba ruwansa da wutar lantarki ko caji, wanda ba ƙaramin abu ba ne a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, yaro ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin dogon yaro ya yi karatunsa. Sai dai a buɗe shi tun a shago a duba ko yana bayanin yadda aka kai ga amsa, domin wanda ya jera A, B, C, D kawai a shafin baya hadda yake koyarwa, kuma akan sami amsoshin kuskure a wasu bugun. A haɗa shi da silabus ɗin da hukumar ke sakawa kyauta a shafinta na intanet, don kada a ɓata mako guda a kan babin da ba a tambaya.

Manhajar waya kuwa amfaninta agogo ne, domin tana ƙirga lokaci tana kuma fitar da maki nan take. A zaɓi wadda ke aiki ba tare da data ba bayan an biya sau ɗaya. Aibinta shi ne WhatsApp da TikTok suna cikin wayar nan, ga shi kuma latsa gilashin waya da yatsa daban yake da zama gaban kwamfuta.

A nan ne na fi son iyaye su tsaya su yi tunani. Wani ɗan yayata da ya yi sakandare a ƙauye, yaro mai ƙoƙari a lissafi, bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai da na kai shi cibiyar gwaji. Na ga hannunsa yana rawa, ya kwashe mintuna yana neman yadda zai koma tambayar da ya tsallake. Alhali maɓallan kaɗan ne: A zuwa D na amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙa aiki. Zama uku ko huɗu a irin wannan cibiya, tare da jarrabawar gwaji ta mok da hukumar ke shiryawa ga wanda ya nema lokacin rajista, sun fi wa irinsa amfani a kan wata guda na lesin.

Lesin shi ne mafi tsada, musamman idan aka haɗa da kuɗin kabu-kabu kullum daga Mabera ko Arkilla. Ya cancanci kuɗinsa ga wanda ya gama sakandare da daɗewa, ko wanda bai sami malamin fiziks ko kemistiri na kirki ba, alhali yana harin likitanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda gasa take da zafi. Kafin a biya, uba ya je da ƙafarsa ya ga yawan ɗalibai a aji, ya tambaya ko akwai malami daban ga kowane darasi, da ko suna da kwamfutocin gwaji masu aiki. Duk wurin da aka yi alkawarin kawo tambayoyi kafin ranar jarrabawa, ko ƙara maki bayan fitar sakamako, a tashi a bar shi, domin ko dai damfara ce, ko kuma hanyar da za ta sa a soke sakamakon yaro.

Shawarata ita ce a zaunar da ɗalibi ya amsa tambayoyin shekara guda cikin awa biyu cif kafin a fitar da ko kwabo. Idan lokaci ya ƙare masa amma abin da ya amsa daidai ne, kwamfuta yake bukata. Idan ya gama da wuri amma kuskure ya yi yawa, malami yake bukata. Littafin ƙagaggen labari da ake tambaya a kansa a ɓangaren Turanci kuwa yakan canza, don haka kada a dogara da wanda yayansa ya bari sai an tabbatar shi ne na bana.