Shekara guda da shamisen a hannuna: abin da ya amfane ni da wanda na yi asara a kai

Karatu ne ya kawo ni Japan, amma ranar da na fara jin kiɗan shamisen, wani kayan kiɗan gargajiya na Japan, a salon Tsugaru, na yankin Aomori, sai molo ya faɗo mini a rai: tsirkiya uku, dogon wuya, ga ciki rufe da fata. Wata biyu bayan nan na fara zuwa koyo wurin wata dattijuwa.

Na farko da na saya na gwanjo ne, a intanet, hoto kawai na gani. Da ya iso sai ga fatar baya ta fara ɗagowa ta gefe, wuyan kuma farce ya ci shi har ya yi ƙananan ramuka, abin da suke kira kanberi. Duk inda na danna sai sautin ya shaƙe. Kuɗin sake fata da goge wuyan ya zarce abin da na biya. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na biyun malamata ce ta raka ni wani ƙaramin shago. Kafin mai shagon ya nuna mini komai sai da ya tambayi irin kiɗan da nake koyo, domin wuyan kala uku ne: siriri, hosozao, na waƙoƙin gargajiya da ake kira nagauta, matsakaici, chuzao, da kakkaura, futozao, wanda 'yan Tsugaru ke kaɗawa. Na ɗauki futozao na itacen karin, mafi araha. Na kouki ya fi tauri da nauyi, sautinsa ya fi kaifi, amma mai koyo bai buƙace shi tukuna. Wuyan nawa yana rabuwa gida uku, don haka yana shiga ƙaramar jaka in zan hau jirgin ƙasa.

Batun fata ne ya fi tsaya mini a rai. A al'adance fatar kyanwa ko ta kare ake sa wa, kuma futozao yawanci ta kare ce. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, sai na nemi ta roba. Malamata ta ce sautinta bai kai na gaske taushi ba, kuma na ji bambancin da kunnena. Sai dai na ga ranarta a damunar Yuni da Yuli, lokacin da laima ke cika ɗaki: wani abokin karatuna ya buɗe akwatinsa ya tarar fatarsa ta tsage, tawa ko gezau. Wanda zai koma da shi gida, inda hunturu ke busar da komai, ta roba nake ba shi shawara.

Bachi, makaɗin nan mai faɗin baki, na roba na saya. Akwai na hauren giwa da mai baki na ƙoƙon kunkurun teku, masana na yabon su, amma dokar ƙasa da ƙasa ta hana cinikinsu tsakanin ƙasashe, fitar da su daga Japan rigima ce. Nawa yana da ɗan tauri, wuyan hannuna kan gaji bayan awa guda.

Ƙananan kayan su ne ban ɗauka da muhimmanci ba da farko. Yubikake ɗan saƙi ne da ake sa wa tsakanin babban yatsa da manuniya na hannun hagu. Ba tare da shi ba, gumi yana hana hannu zamewa a kan wuyan. Tsirkiya ta ɗaya ta siliki ce, ita ke ba da gurnanin nan da ake kira sawari, ta uku kuwa ta nailan nake sa wa domin ta siliki saurin tsinkewa gare ta. Kullum akwai biyu ajiye a jakata.

Duk na gama kiɗa nakan zare koma, wato jakin da tsirkiyoyi ke hawa, don kada ya yi ta danne fata. In goge wuyan da ƙyalle mai laushi, in sa cikin a jakar washi, wato takardar gargajiya ta Japan, sannan ta leda. Sau ɗaya na bar shi kusa da na'urar ɗumama ɗaki, washegari maɗaurin tsirkiya ya saki, ya ƙi riƙewa, sai da na koma shagon aka gyara mini zamansa.